Yaron da ba ya amsa kira: mu fahimci galahanga

A cikin tsohon birnin Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, yawancin gidaje suna da zaure, baƙo kuma ba ya wuce zaure. Yaro zai iya yin shekaru a cikin gida ba wanda ya san halin da yake ciki sai 'yan gidan. A wata ziyara da muka kai can, mun tarar da yaro ɗan shekara biyar zaune a gindin bango yana ta jujjuya murfin kwano. Uwarsa ta kira sunansa sau uku, bai waiwaya ba. Amma da aka ta da injin markaɗe a maƙwabta, sai ya toshe kunnuwansa yana ihu. Ta ce wa ɗaya daga cikinmu, "Malama, ba kurma ba ne, yana ji. Sai dai kamar ba ya tare da mu."

Akwai irin wannan yaro a ƙauyukanmu ma. Wataƙila shi ne wanda uwarsa ta daina zuwa sujada domin ba ya iya zama shiru.

Mene ne wannan lalura?

Likitoci suna kiranta otizim. A Hausa ana cewa galahanga, ko da yake mutane suna amfani da kalmar ga waɗansu lalurori dabam ma. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro take girma, yana kuma farawa tun yana ciki. Yana shafar magana, da cuɗanya da mutane, da yadda yaro yake jin ƙara ko haske ko taɓawa.

Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a 1943 bayan ya lura da yara 11. Daga baya an gano tana ko'ina, har da Afirka. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro ɗaya cikin 100 yana da ita. An fi ganinta ga maza fiye da mata. Ba ta zaɓar mai kuɗi ko talaka, Kirista ko Musulmi. Yaran kuma ba iri ɗaya ba ne. Wani ba ya magana sam, yana bukatar taimako dukan ransa. Wani yana karatu da kyau har ya yi aiki, sai dai hira da abokantaka suna yi masa wuya.

Alamun da za mu lura da su

• Ya kai shekara ɗaya amma ba ya waiwaya idan an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa.
• Ya kai wata 16 ba kalma ko ɗaya, ko shekara biyu bai haɗa kalmomi biyu ba.
• Ya fara magana, daga baya ta ɓace.
• Ba ya kallon idon mutum, ba ya shiga wasan yara.
• Yana maimaita abu ɗaya, kamar kaɗa hannu, jera duwatsu, ko faɗin abin da aka faɗa masa.
• Yana fushi ƙwarai idan an canja hanyar da ya saba, ko abincinsa, ko wurin zamansa.

Alama ɗaya kaɗai ba ta isa ba. A yankinmu sanƙarau da ƙyanda sukan kashe kunnen yaro, kurma kuwa shi ma ba ya amsa kira. Saboda haka a fara gwada jinsa a asibiti.

Abin da ba ya kawo ta

Mutane sukan ce shafar aljanu ce, ko sammu, ko kuwa yaron ɗan ruwa ne. Waɗansu sukan ce uwar ce ta yi wani zunubi. Ba haka ba ne. Bincike ya nuna gado yana da babban hannu a ciki. Haihuwar bakwaini da wahalar haihuwa suna iya ƙara haɗarin. Ba laifin uwa ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, ba a kuma ɗaukarta daga wani yaro.

Allurar riga-kafi ma ba ta kawo ta. A 1998 wani likita a Ingila ya yi wannan zargi, amma aka gano aikinsa ba gaskiya ba ne. A 2010 mujallar da ta buga shi ta janye shi, aka kuma hana shi aikin likita. Mu a Arewa mun san abin da jita-jita take jawowa: da aka dakatar da riga-kafin shan inna a waɗansu jihohi a 2003, cutar ta sake yaɗuwa har ƙasashen maƙwabta. Kada tsoro ya sa mu hana yaranmu allura.

Nauyin da iyali suke ɗauka

Uwa ce ta fi shan wahala. Ba ta samun barci, ba ta iya barin yaron ta tafi gona ko kasuwa. Dangin miji sukan zarge ta, wani lokaci har aure ya mutu. Iyali sukan sayar da akuya da hatsi suna yawo daga mai magani zuwa mai magani. Yayye da ƙanne kuma suna shan ba'a a makaranta.

Idan dabara ta ƙare, waɗansu sukan kulle yaro a ɗaki ko su ɗaure shi. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa ana ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a wurare da yawa a Nijeriya, har da gidajen addu'a na Kirista da na Musulmi. Duka da ɗauri da azumin dole ba sa warkar da yaro. Tsoro kawai suke ƙara masa. A watan Janairu 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci.

Abin da za mu iya yi

Babu ƙwaya ko sassaƙe da yake kawar da galahanga. Wanda ya ce yana da shi, kuɗinku yake so. Amma yaron yana iya koyo, in an fara da wuri ya fi.

• A kai shi asibiti. Ana iya farawa daga asibitin da ke kusa, kamar na St Luke a Wusasa, a nemi takardar turawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika yana da likitocin yara da na ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna.
• Idan yana faɗuwa yana shure-shure, a gaya wa likita. Farfaɗiya takan zo tare da galahanga, ita kuwa tana da magani.
• A yi masa magana a gajarce, a nuna masa abin. A ɗaga kofi a ce "ruwa", a jira.
• A koya masa abu ɗaya-ɗaya, kamar wanke hannu ko sa riga, a yabe shi in ya yi ƙoƙari.
• A riƙa yin wanka da cin abinci da kwanciya a lokaci ɗaya kowace rana.
• In ya fara ihu, a duba dalili: yunwa, ciwo, ko ƙara. A kai shi wuri mai shiru.
• A rufe rijiya, a tsare murhu, a sanar da maƙwabta domin irin yaran nan sukan fita ba su san haɗari ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar mata za ta iya tsara wadda za ta zauna da yaron wuni guda domin uwarsa ta huta. A majami'a a ba su wuri kusa da ƙofa, nesa da ganga da lasifika. Malaman makarantar Lahadi su hana yara tsokana. Ranar 2 ga Afrilu kowace shekara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a 2007 domin wannan lalura, lokaci ne mai kyau na gayyatar ma'aikacin lafiya ya yi wa jama'a bayani.

Tambayoyi domin tattaunawa

• Akwai yaro a ƙauyenmu da ba ma gani a waje? Yaushe muka kai wa uwarsa ziyara?
• Wane suna muke kiran irin yaran nan? Yaya iyayensu suke ji da sunan?
• Wane ne a cikinmu zai raka iyalin zuwa asibiti a wannan wata?