Babi na Tara: Ramin da Ba Ya Numfashi

A gidajen haya na Tudun Wada, daga bayan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna har zuwa lungunan Kasuwar Barci, akwai wata rigima da ba ta ƙarewa. Da zarar zafin watan Maris ya kankama, sai wari ya cika tsakar gida da yamma, a fara nuna wa juna yatsa: yau aikin wane ɗaki ne wanke bayi? A ɗebo ruwa, a zuba omo, a goge daɓe har ya yi ƙyalli. Kafin sallar Isha'i warin ya dawo yadda yake. An zargi matan gida, an zargi yara, alhali laifin yana hannun maginin da ya rufe ramin shekaru da suka wuce bai bar masa hanyar numfashi ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Duk abin da ya faɗa cikin masai ko sokawe, ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke cinye shi, kuma da yake iskar shaƙa ba ta isa can ƙasa, irin ƙwayoyin da ke rayuwa ba tare da ita ba su ne ke aikin. Aiki ne mai amfani, domin shi ke rage tulin najasa, ya sa rami ya daɗe bai cika ba. Sai dai suna ci suna fitar da gas iri-iri. Akwai mitan, wanda ba shi da wari ko kaɗan amma yana kama wuta, dangin gas ɗin girki ne. Akwai amoniya, mai zarnin nan da ke sa ido hawaye. Sannan akwai haidirojin salfaid, mai ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda shi ne mugun cikinsu. Zafi yana ƙara wa ƙwayoyin nan kuzari, shi ya sa bazara ta fi kowane lokaci wari. Gas kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Idan an shafe silab da siminti ta ko'ina, ƙofa ɗaya ta rage masa, wato bakin masan da mutum ke tsugunawa a kai. Wannan shi ne hucin da mata da yawa ke gudu har suke gwammace yin amfani da fo su juye daga baya.

Maganin wannan matsala ba sabo ba ne, kuma a Afirka aka gano shi. A farkon shekarun 1970, wani masanin halittu mai suna Peter Morgan, da ke aiki a cibiyar bincike ta Blair a birnin da yanzu ake kira Harare a Zimbabuwe, ya ƙera masai mai bututun iska. Abin da ya yi bai wuce huda silab a wuri na biyu ba, ya kafa dogon bututu ya zarce rufin ɗakin, ya rufe bakinsa da raga. Idan iska ta gifta ta saman bututun, sai ta zuƙo abin da ke cikinsa zuwa sama. Wurin da ta bari kuma sai sabuwar iska ta cike shi: ta shigo ta ƙofar bayi, ta gangara ta bakin masai, ta ratsa ramin, ta haye bututu. Maimakon huci ya taso wa mutum, sai ya zama iska ce ke sauka. Ba inji, ba lantarki.

Abin da ya fi burge ni a wannan ƙira shi ne yadda ta yi da ƙuda. Ƙudan da ke waje wari yake bi, warin kuma yanzu a bakin bututu yake, inda raga ta tare shi. Wanda aka ƙyanƙyashe a cikin rami kuwa haske yake nema. Idan cikin bayin da ɗan duhu, hasken da zai hango shi ne na saman bututu, sai ya haura can, ya yi ta bugun raga har ya mutu ya faɗo. A wani gwaji da aka yi a 1975, cikin kwana 78 an kama ƙuda 13,953 daga masai marar bututu, aka kama 146 kacal daga mai bututu. Duk wanda ya san yadda ƙuda ke tashi daga najasa ya sauka a kan tuwon yaro, ya kuma ga abin da amai da gudawa ke yi a unguwa lokacin damina, ya san wannan bambanci rayuka ne. A 2013 an ba Morgan babbar lambar yabo ta ruwa ta birnin Stockholm.

To, ai akwai bututu a gidaje da dama na Tudun Wada, me ya hana wari tafiya? Amsar tana ga yadda aka kafa shi. Wani guntun fayif ne da bai wuce gwiwa ba, an dasa shi a kan sokawe a bakin ƙofar gida, yana hura wa masu zaman dakali. Wani ya tsaya daidai tagar ɗakin maƙwabci. Wani siriri ne irin na jan ruwa, wani kuma an kifa masa gwangwani don kada ruwan sama ya shiga, alhali ɗan ruwan da zai bi ta nan ba ya cutar da rami da komai. Ƙa'idar masana ita ce bututu ya zarce ƙololuwar rufi da aƙalla rabin mita, faɗinsa kada ya gaza inci 4, inci 6 ya fi, ya miƙe sambal ba lanƙwasa. A unguwa mai cunkoso, inda bene ya tsaya kusa da gidan ƙasa yana tare iska, sai an ƙara masa tsawo. Ragar ƙarfe ta sauro tana ruɓewa da wuri saboda gas ɗin yana cin ƙarfe, don haka ta alminiyam ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi. Yanar gizo-gizo ma tana toshe bututu. Bokitin ruwa ɗaya da za a kwarara ta sama lokaci-lokaci ya isa ya wanke ta. Akwai kuma wani abu da ke ba mutane mamaki: masai mai bututu ba a toshe bakinsa da marfi mai kamewa, domin ta nan iskar ke shiga. Marfi na masan da ba shi da bututu ne.

Masu masan zamani na ruwa suna da wani mai gadi daban. Ɗan ruwan nan da kullum ke kwance a gindin kwanon ba ragowar wanki ba ne. Bututun an lanƙwasa shi ne da gangan domin ya riƙe ruwa mai zurfin kamar santimita 5, ya zama ƙofa tsakanin ɗaki da sokawe. Wani mai ƙera agogo a Landan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1775. Irin wannan lanƙwasa tana ƙarƙashin wurin wanke hannu, kuma ya kamata a same ta a magudanar daɓen wanka. A nan ne hunturu ke yi mana ɓarna. Bayin baƙi da aka kulle, ko gidan da aka yi tafiya aka bari, busasshiyar iska tana ƙafar da ruwan, ƙofa ta buɗe, a dawo a tarar da ɗaki ba ya shiguwa. Buta ɗaya ta ruwa a kowace magudana ta kashe maganar. Idan kuwa ana kora ruwa a bayi ɗaya sai a ji wata magudana tana ƙugi kamar mai kurkurar baki, alama ce layin ba shi da bututun numfashi ko ya toshe: ruwan da ke gangarawa yana neman iskar da za ta bi bayansa, da bai samu ba sai ya zuƙe ruwan gadin da ke kusa.

Wannan doka ba ta gidajen ƙasa kaɗai ba ce. A Amurka da Turai akwai motocin yawon shaƙatawa masu ɗaki da kicin da bayi a ciki, suna ɗauke da tanki biyu a ƙarƙashi, ɗaya na najasa, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, da bututu da ke fita ta rufin motar. Kukan masu su irin namu ne: ganye ko gidan zanzaro ya toshe bututu, ruwan gadi ya zube saboda girgizar hanya, ko a buɗe taga ana gudu sai iskar ta juya ta zuƙo wari cikin mota. Manyan motocin safa masu bayi a baya haka suke fama.

Inda abin ke tayar mini da hankali shi ne irin magungunan da ake yi wa wari. Wani ya zuba kalanzir, wani baƙin mai, wani har fetur, da nufin kashe tsutsa da kyankyaso. Abin da ake kashewa da farko shi ne ƙwayoyin da ke cinye najasar, sai rami ya cika da wuri, man kuma ya tsiyaya ya nufi rijiyar gida. Tururin fetur kuma ya haɗu da mitan, wanda idan ya kai kaso 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri, ashana ɗaya ko guntun taba ya isa ya ɗaga silab. Toka da kakanninmu ke barbaɗawa a busasshen masai ta fi duk waɗannan, tana rage danshi da wari ba tare da haɗari ba.

Haidirojin salfaid kuwa mayaudari ne. Hanci yana jin sa tun yana ɗan mitsitsi, amma idan ya kai kimanin kaso 100 zuwa 150 cikin miliyan sai ya kashe jijiyar jin wari, mutum ya ɗauka wurin ya washe. Idan ya doshi 1,000, shaƙa ɗaya ko biyu ke kayar da ƙato. Ya fi iska nauyi, don haka a gindin rami yake kwanciya, kuma motsa dagwalon yana sakin wanda ke ɓoye a ciki gaba ɗaya. Masu kwashe masai da hannu cikin dare, bayin Allah da unguwa ba ta iya zama ba tare da su ba amma ba a ko son gaisawa da su, su ne ke fuskantar wannan kullum. Yadda musibar ke faruwa kusan iri ɗaya ce a ko'ina: mutum ɗaya ya shiga ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto ya faɗi, na uku ya biyo. Wayar da ta faɗa rami ma ta sha jawo haka.

Mai gida, idan za a kwashe ramin gidanka, kira motar zuƙa. Idan lungun ya matse mota ba ta shiga, a buɗe silab a bar shi ya sha iska sosai, a nisanta wuta da taba, a yi aikin daga sama da guga. Idan kuma wani ya faɗi a ciki, kada kowa ya bi shi da numfashinsa kawai. A kira 'yan kwana-kwana nan take.