Gasar golf a lokacin ruwa

Golf wasa ne da ake yi a babban fili mai ciyawa. A filin akwai ramu 18. Faɗin kowane rami santimetir 10,8 ne. Ɗan wasa yana bugun ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Ana ƙidaya kowane bugu. Wanda ya gama da bugu mafi kaɗan shi ne ya ci.

Gasar Open ta Birtaniya ita ce mafi tsufa cikin manyan gasannin golf. An fara ta a 1860 a ƙasar Sikotlan. Ana yin ta a watan Yuli, lokacin da damina take sauka a Nijar. A can Turai lokacin zafi ne, amma ruwa yakan zo ba zato. Ƴan wasa 156 ne suke shiga. Ana zagaya filin sau huɗu, daga Alhamis zuwa Lahadi. Bayan zagaye na biyu sai a sallami waɗanda suke baya.

Yayyafi ba ya tsai da wasa. Ɗan wasa yakan sa rigar ruwa, mai ɗaukar masa sanduna kuma ya riƙe laima da tsumman goge hannu. Matsala tana tasowa ne idan ruwa ya kwanta a farfajiyar rami, wato wurin da aka aske ciyawa ƙwal-ƙwal. A nan ƙwallo gangarawa take yi, kuma ba ta gangarawa cikin ruwa. Sai ma'aikata su fito da katako mai bakin roba suna tura ruwan gefe. Idan kwarin rairayi ya cika, sai a kawo injin zuƙar ruwa.

Dokar wasa ta tanadi sauƙi. Idan ƙwallo ta faɗa cikin ruwan da sama ta tara, ɗan wasa yana iya ɗaukar ta ya koma wuri busasshe mafi kusa. Ba a ƙara masa bugu. Amma ba ya matsawa kusa da rami.

Tsawa kuwa ba a wasa da ita. Mutum tsaye a fili da sandar ƙarfe yana cikin haɗari. Da an ga alamar walƙiya sai a busa ƙaho da tsawo sau ɗaya. Nan take kowa ya tsaya. Ɗan wasa yana iya sa alama inda ƙwallonsa take, sa'an nan ya nemi mafaka. In an dawo, daga wurin alamar zai ci gaba.

Babban aikin masu shirya gasa shi ne adalci. Ba a lokaci ɗaya ƴan wasa suke fita ba. Wasu da asuba, wasu da la'asar. Idan na safe sun sha ruwa na yamma sun sami rana, an bambanta su ke nan. Shi ya sa wanda ya fita da safe ranar Alhamis, da rana zai fita ranar Juma'a. Duk da haka sama ba ta bin tsarin kowa.

A 2015 an yi gasar a garin Sant Andurus, a bakin teku. Ranar Juma'a da safe aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Fili ya cika, aka dakata fiye da awa 3. Ƙasar wurin rairayi ce, saboda haka ta shanye ruwan da sauri. Amma dare ya yi kafin wasu su gama. Ranar Asabar da ƙarfe 7 suka koma, sai ga iska mai ƙarfi. Ƙwallo tana ajiye, iska tana tura ta. Bayan minti 32 aka sake tsai da wasa, ba a koma ba sai ƙarfe 6 na yamma. Wasu ƴan wasa sun yi ƙorafi, don an ƙidaya bugun da suka yi cikin iskar.

Masu shirya gasa ba su rage zagaye ko ɗaya ba. Sun ƙara kwana ɗaya, aka gama ranar Litinin. Mutum uku suka yi kunnen doki da bugu 273. Aka ƙara musu ramu huɗu, Zach Johnson na Amurka ya ci.

Kafin wannan, an taɓa kaiwa Litinin a 1988, a Ingila. A shekarar nan ruwa ya mamaye fili ranar Asabar. Aka soke duk bugun ranar, kowa ya sake daga farko. Seve Ballesteros na Sifen ne ya ɗauki kofin.

Tambayoyi
1. Yaya ake sanin wanda ya ci wasan golf?
2. Me ɗan wasa yake yi idan ya ji ƙaho?
3. Don me ake sauya lokacin fitar ƴan wasa?
4. A ganinku, wane hukunci ya fi adalci, na 1988 ko na 2015?