Birnin Gwari: Ɗan ƙarfen da ke sa a sauke injin mota alhali lafiyarsa ƙalau

Tun bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba, zirga-zirga ta fara farfaɗowa a hanyoyin da ke shiga Kutemeshi da Kuyello da Dogon Dawa. Duk da haka, babu direban da ke son motarsa ta mutu masa a tsakiyar daji da almuru, musamman a yankin da bai manta da harin da aka kai Kutemeshi a watan Fabrairun 2021 ba.

Daga cikin abubuwan da ke kassara ƙananan motocin da ke bin waɗannan hanyoyi akwai wani ɗan ƙarfe da bai fi tsawon yatsa da kaɗan ba, wanda makanikai ke kira solonoyid. Yana jikin duk injin da aka rubuta wa VVT-i, fasahar da kamfanin Toyota ya fito da ita a 1995, wato injinan yawancin Corolla da Camry da Sienna da ke yawo a Arewa. Honda ma tana da irin nata a injinan i-VTEC.

Aikinsa kamar na mai gadin famfo ne. Ƙwaƙwalwar mota tana aiko masa da wuta, shi kuma ya buɗe wa baƙin mai hanya zuwa giyar da ke kan kamshaf, ƙarfen da ke buɗe bawul-bawul yana rufewa. Matsin man ne ke gusar da lokacin buɗewar gaba ko baya, gwargwadon gudun mota da nauyin da ta ɗauko. Idan ya maƙale, sai mota ta riƙa kakkarwa a silo, ta mutu idan an taka birki, ta kasa hawa tudu da buhunan masara, ta koma zuƙar fetur. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, wannan na ƙarshen kaɗai ya isa ya cinye ribar lodi.

Matsalar ita ce alamun sun yi kama da na fulogi da nozul da famfon mai. Shi ya sa ake bin mai mota da canje-canje, yau wannan gobe wancan, har a kai ga cewa a sauke inji. Mafi muni shi ne bakaniken da zai cire ƙwan fitilar gargaɗi a dashbod don mai mota ya daina damunsa.

Binciken gaskiya daga gejin baƙin mai yake farawa. Idan man ya yi ƙasa, ko ya yi baƙi ƙirin da kauri, solonoyid ɗin da babu abin da ya same shi ma ba zai yi aiki ba. Da yawa daga cikin waɗannan injina mai sirara suke buƙata, irin 5W-30, amma a gareji an saba ɗura musu 20W-50 da sunan wai zafin ƙasarmu. Ga jabun mai da ake sayarwa a bakin titi, ga ƙurar hunturu a hanyar da ba kwalta, ga jinkirin sabis idan aljihu ya yi zafi. Duk suna taruwa su zama dauɗa mai danƙo.

Inda dauɗar ke fara tsayawa shi ne wata 'yar rariya da ke tace man kafin ya isa solonoyid. A injin Corolla mai lamba 1ZZ tana ɓoye ne bayan wani noti a jikin kan inji, kuma sau da yawa ba a ma san da ita ba. A ciro ta, a wanke da fetur, a mayar. Wani lokaci a nan magana take ƙarewa, ba a sayi komai ba sai sabon mai da filta.

Idan akwai na'urar sikana, irin ƙaramar nan da ake haɗawa da wayar hannu, lambobin da take nunawa suna rage wahala. P0010 ko P1656 na nuni ga waya ko soket ko naɗin da ke cikin solonoyid, aikin ɗan riwaya ke nan. P0011 da P0012 da P1349 kuwa suna cewa ne lokacin bawul bai zo daidai da umarnin ƙwaƙwalwa ba, kuma ba su faɗi mai laifi ba. Yana iya zama mai, ko rariya, ko giyar kanta.

Ko babu sikana, mita da batir sun isa. A Toyota, naɗin mai lafiya yana nuna tsakanin om 6.9 da 7.9 idan ya huce. A ciro shi, a taɓa masa wutar batir na ɗan lokaci, sai a ji ƙas, a ga sandar ciki ta motsa ta koma da kanta. Idan yana jikin inji kuma mota na silo, ba shi wuta kai tsaye zai sa injin ya shaƙe ko ya mutu. Hakan na nufin shi da hanyar man suna aiki. Idan injin bai ko gezau ba, a koma kan rariya da solonoyid ɗin.

Akwai inda gyaran ya wuce nan. Ƙarar kwaram-kwaram ta 'yan daƙiƙoƙi da sanyin safiya yawanci daga giyar kamshaf take, ko sarƙar taimin da ta saki, kuma sabon solonoyid ba zai kashe ta ba.

Idan ya tabbata shi ne ya mutu, noti ɗaya ke riƙe da shi. Sai dai mai mota a Kutemeshi zai aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, inda na Beljiyam da jabu ke zube wuri ɗaya. Wanda aka aika ya tafi da tsohon a hannu don a gwada lamba, ya kuma sa a taɓa wa sabon batir a gabansa kafin ya biya.