Wa'adi da Mai Jira: Abin da Ke Sa Sabon Marubuci Ya Kammala Ƙagaggen Labari

Gabatarwa

Kusan duk ɗalibin da ya ɗauki darasin rubutun zube yana da wani labari da ya fara bai gama ba. Akan tarar da babi biyu ko uku a littafin rubutu ko a cikin waya, daga nan aikin ya tsaya, mai shi yana cewa yana jiran basira ta sauko. Wannan takarda za ta dubi tarihin ƙagaggun labaran Hausa domin ta nuna cewa da yawa daga cikin littattafan da ake nazarta a yau an kammala su ne saboda abu biyu, wato akwai wa'adin da aka yanka wa marubucin, akwai kuma wanda ke jiran ya karanta.

Gasa da wa'adi

A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙago labarai su rubuta da boko. Abin bai zo da sauƙi ba, domin a wancan zamani alƙalami na ilimi ne da addini da waƙa, labarin da bai faru ba kuwa tatsuniya ce, ta hirar dare. Duk da haka littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Babu ko ɗaya cikinsu da rubutun labari ne sana'arsa. Imam kansa yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan koyar da darasi. A 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya na kimanin wata shida, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Turawa da Indiyawa, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, juzu'i uku. East yana karantawa yana gyara. Ke nan an haɗa masa lokaci ƙayyadadde, da abin karatu mai yawa, da mai duba aiki. Wanda ya ɗauka cewa hazaƙa kaɗai ta haifi wannan littafi bai yi wa zaman wata shidan adalci ba.

Haka aka ci gaba. Gasar kamfanin NNPC ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda aka buga a 1980. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ita ma ta sa mata da dama sun kai gajeren labari ƙarshe. Sai dai marubuci ba ya bukatar jiran gasa kafin ya yanka wa kansa wa'adi. Alal misali, wanda ya riƙe kalma 500 kowace rana, kamar shafi biyu da hannu, zai tara kalma 20,000 cikin kwana 40. Sa'a ɗaya bayan sallar asuba ta ishe shi, muddin ba ya tsallake rana.

Mai jira

Marubutan da suka taso a Kano daga tsakiyar shekarun 1980 ba su sami hukumar da za ta ɗauki nauyinsu ba. Da kuɗinsu suka buga, suka kai kasuwa. Sukan raba labari kashi-kashi, cinikin littafi na ɗaya ya biya kuɗin buga na biyu, masu karatu kuma suna aiko wasiƙu suna tambayar ci gaba. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suke cikin jagororinta, sun samar wa marubuci abokan shawara. Ita Balaraba an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, amma littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 ya kai ga an fassara shi zuwa Ingilishi an buga a Indiya a 2012.

Wannan tsari yana da aibinsa, kuma aibin ya ƙaru da labaran suka koma WhatsApp da Wattpad. Mai sakin shafi kullum yana da masu jira, amma ba shi da damar komawa baya. Idan ya gano a babi na goma cewa tauraruwar ba ta da dalilin yin abin da ta yi a babi na uku, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Daga nan ne ake samun jan labari, da shafuka na siffanta gida da mota da kayan ɗaki waɗanda ba su ƙara wa jigo komai ba. Mafita ita ce a kammala daftarin farko gaba ɗaya, a ba mutum ɗaya ko biyu masu faɗin gaskiya su karanta, sannan a fara sakewa.

Gyara

Yana da kyau a ajiye daftari na mako biyu kafin a taɓa shi, sannan a karanta da babbar murya. Kunne yakan kama abin da ido ya tsallake, musamman a maganar taurari. Idan kaka da jikarta suna magana da murya iri ɗaya, to marubucin ne ke magana a bakinsu. Haka nan maimakon a ce mutum marowaci ne, gara a nuna shi yana ƙirga yankan nama a tukunya kafin ya fita. Sunan littafi ma ma'auni ne. Da yawa daga sunayen da aka ambata a sama daga karin magana aka ciro su, kuma duk babin da bai taɓa ma'anar sunan ba ya cancanci a tuhume shi.

Sai batun ƙa'idojin rubutu, wanda ya fi shafar marubutan da ke nesa da ƙasar Hausa. Waya ta sa matashin da ke zaune a unguwar Alibandeng ta Librebil, babban birnin Gabon, zai iya samun masu karatu a Kano da Maraɗi a rana ɗaya. Amma da yake da Faransanci ya yi makaranta, hannunsa yakan rubuta "ou" a madadin "u", ko "ch" a madadin "sh". Akwai kuma baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda har 'yan Kano ke sakaci da su, alhali "kafa" daban, "ƙafa" daban. Irin wannan dubawa a bar ta sai zagaye na ƙarshe, bayan zubin labarin ya zauna, a bi ta layi-layi da ƙamus a gefe.