Abubuwan da ya kamata ka sani game da matsattsun haruffa masu kauri da siranta

A bangon mujallar Vogue akwai wani salon rubutu da ido ke saurin kamawa: sandunan haruffan na tsaye masu kauri ne, layukan kwance kuwa sirara kamar silin gashi. Idan aka ƙera irin waɗannan haruffa dogaye, a matse, sai su zama na kanun labarai da fosta da allon talla.

Daga ina suka samo asali?

A ƙarshen ƙarni na 18 ne masu ƙera haruffa Giambattista Bodoni a birnin Parma na Italiya, da Firmin Didot a Paris, suka kai bambancin kauri da siranta maƙura. Abin da ya ba su dama shi ne samuwar takarda mai santsi da tawada mai kyau, domin a takarda mai kaushi siririn layi yankewa yake yi. Da tallace-tallace suka bunƙasa a Ingila a farkon ƙarni na 19, Robert Thorne na Landan ya ƙara wa sandunan ƙiba don a hango su daga nesa. A 1937 kuma Gerry Powell ya fitar da salon Onyx a Amurka, wanda ya haɗa matsi da wannan bambanci.

Me ya sa ake matse su?

Saboda fili. Faɗin shafi ƙayyadadde ne, mai talla kuma yana son rubutunsa ya yi girma. Matsattsen harafi yana ba shi tsayi ba tare da ya cinye faɗi ba, sai doguwar kalma ta shige layi ɗaya.

Ina matsalarsu take?

Ba sa jure ƙanƙanta. Da zarar an rage musu girma, siraran layukan sai su ɓace, harafin e ya koma kamar c, ido ya gaji. Lamarin ya fi muni idan an buga fari a kan baƙi, domin tawada kan malala ta cinye siririn layin.

Wani kuskuren da ake yawan yi a shagunan buga katin biki shi ne a ja harafi da linzamin kwamfuta a matse shi. Yin hakan na rame sandunan tsaye, layukan kwance kuma suna nan yadda suke, sai fasalin ya lalace. Gara a nemi salon da tun asali matsattse aka zana shi.

Haruffan Hausa fa?

Da yawa daga cikin waɗannan salo ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Kwamfuta sai ta aro su daga wani salon, ko ta saka akwati a gurbinsu. Kafin ka zaɓi salo, rubuta "ƙwaƙwalwa" da "ɗaurin aure" ka duba. In lanƙwasar ta fito daidai, yi amfani da shi a kanu. Bayanin da ke ƙasa kuwa, kamar rana da wuri da lambar waya, ba shi salo mai sauƙin karantawa.