Wanda ya buge tsohon gwani, yabo nawa ne rabonsa?

Ran 2 ga watan Oktoba na 1980, a birnin Las Begas na ƙasar Amurka, an yi wani dambe wanda har yau masoyan wannan wasa ba su son tuna shi. Muhammadu Ali, mai shekara 38 da haihuwa, ya shiga fage da Lari Homs, mai shekara 30, wanda yake riƙe da kambun duniya na ajin masu nauyi. Turmi goma aka yi, kuma cikin alƙalan nan uku babu wanda ya ba Ali ko turmi guda. Da na goma ya ƙare, mai horar da shi, Anjelo Dandi, ya ce ya isa haka, bai bar shi ya tashi daga kujera ba. Cikin dambe 61 da Ali ya yi na neman kuɗi, wannan kaɗai ne bai kai ƙarshensa ba don an fi ƙarfinsa. Homs ya ci, amma da ƴan jarida suka kewaye shi, hawaye ne suka riga magana fitowa.

Jama'a masu karatu, duk wanda ya taɓa zama a fada ko a rumfar kasuwa ana gardamar dambe ya san maganganun nan biyu. Wani ya ce: «Ai tsoho ya samu ya buga, ina abin yabo?» Wani ya amsa masa: «Nasara nasara ce, wa ya aike shi ya shigo fage?» A ganinmu dukansu sun yi gaggawa, domin na farkon shekaru kawai ya ƙirga, na biyun kuwa suna ya duba. Abin da ya kamata a auna shi ne ƙarfin da ya rage a jikin tsohon a wannan rana, kuma ana gane shi ta abin da ya yi kafin karawar da abin da ya iya yi bayanta.

To, mene ne ya rage wa Ali a 1980? Rabonsa da fage tun Satumba na 1978, ranar da ya ƙwato kambunsa daga hannun Liyon Sifinks, watau shekara biyu cur. Likitan da ya daɗe yana tsayawa a kusurwarsa, Fadi Paceko, ya rabu da shi tun 1977, saboda ya ba shi shawarar ya daina ya ƙi ji. Kafin hukumar dambe ta jihar Nebada ta ba shi izini, sai da ta aika shi asibitin Mayo aka duba shi. Takardar likitoci ta nuna harshensa ya soma nauyi, kuma in aka ce ya taɓa hancinsa da yatsa yakan ɗan kuskure. Duk da haka aka sa hannu. Bayan wannan kuma aka ɗora shi bisa wasu ƙwayoyi na ciwon maƙoƙo, alhali ba ya da wannan ciwo. Ƙibarsa ta zube har ya sauko ƙasa da kilo 100, masu kallo suka ga kamar Alin da ne ya dawo, amma ƙwayoyin sun tsotse masa ruwan jiki da kuzari. Masu ƙirgen naushi da suka sake duba hoton damben daga baya sun samu cewa Homs ya same shi sau 340, shi kuwa sau 42 kacal ya taɓa Homs.

Wanda ya ci irin wannan abokin karawa bai nuna gwaninta ba, kuma Homs bai taɓa ɓoye cewa ranar ba ta yi masa daɗi ba. Shekaru ya yi yana yaron Ali a wurin horo, yana cikin waɗanda ake biya su riƙa gwada hannu da maigida, har Zayir ya bi shi a 1974 lokacin shirin karawa da Joj Foman a Kinshasa. Ya san jikin mutumin fiye da kowa. Waɗanda suka kalli damben sun gan shi yana ja da baya, yana duban alƙalin wasa ko zai tsai da abin.

Sai dai a tambaya, shin yana da halin ƙi? Kambun da ke hannunsa daga Ken Noton ya karɓe shi a watan Yuni na 1978, shi kuwa Noton a ofis aka ba shi, bayan hukumar WBC ta tuɓe Sifinks. Saboda haka mutane da yawa suna ganin Ali ne zakara na gaskiya, tunda babu wanda ya ƙwace masa a fage. Da Homs ya ƙi, da an ce tsoro ya ji. Da ya yarda ya ci, aka ce ya wulakanta ubangidansa. Ali kuwa an yi masa alkawarin miliyon 8 na dalar Amurka (dalar Amurka fa, ba dalar da muke ciniki da ita a kasuwa ba), kuma akwai bakuna da yawa da ke jiran rabonsu cikin wannan kuɗi. In akwai laifi, yana wuyan waɗanda suka karanta takardar likita suka sa hannu, da waɗanda suka ci riba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rabon Homs a wannan dare yabo ne kaɗan, zargi kuwa ko kaɗan bai cancance shi ba.

Abin takaici shi ne wannan nasara maras daɗi ta rufe waɗanda ya kamata a tuna shi da su. Ya ci Noton a turmi goma sha biyar da tsokar hannunsa na hagu a yage. A 1979 Ani Shebas, wanda ake lissafawa cikin masu nauyin hannu na kowane zamani, ya kai shi ƙasa a turmi na bakwai, ya tashi ya gama da shi a na goma sha ɗaya. Sau 20 ya kare kambunsa, kuma a lokacin Jo Luwis kaɗai ya fi shi. Ya yi dambe 48 a jere ba a ci shi ba kafin ya faɗi a 1985.

Daga nan sai rana ta juyo kansa. Ran 22 ga Janairu na 1988, a Atilantik Siti, Homs ya shiga fage yana da shekara 38, daidai shekarun Ali a daren Las Begas, bayan ya yi kusan shekara biyu yana hutu. Abokin karawarsa Maik Taison ne, ɗan shekara 21. Kamar yadda Taison kansa yake ba da labari, yana yaro ɗan shekara 14 ya kalli dukan da aka yi wa Ali, ya ɗauki alkawarin rama masa. A turmi na huɗu ya kai Homs ƙasa sau uku, aka tashi. Nan ma mutane suka ce an maimaita na 1980 ne, yaro ya samu tsoho ya more.

Amma a duba abin da ya biyo baya. Homs ya dawo fage a 1991. A watan Fabrairu na 1992, yana da shekara 42, ya ci Re Masa da maki, mutumin da ya ɗauki zinariya a wasannin Olimpik na 1988, wanda kuma ba a taɓa cin sa ba kafin ranar. Wata huɗu bayan haka ya yi turmi goma sha biyu da zakaran duniya Ibanda Holifil yana tsaye da ƙafafunsa. A 1995 da ƙyar Oliba Makol ya tsira da kambunsa a hannunsa. Bai ajiye safar dambe ba sai 2002, yana da shekara 52. Cikin dambe 75 da ya yi, sau shida aka ci shi, kuma Taison kaɗai ne ya gama da shi kafin lokaci ya cika. Gaskiya ne hutu ya sa masa tsatsa, kuma kuɗi ne suka fito da shi, amma mutumin da ya iya yin wannan aiki shekara huɗu bayan faɗuwarsa ba gawa ba ne a 1988. Yabon da ya kamata a ba Taison a kan wannan dare ya fi wanda aka saba ba shi.

Ke nan mutum biyu masu shekara 38, amma ba kaya ɗaya suke ɗauke da shi ba. Ɗan kasuwar da ya taɓa sayen tsohuwar babbar mota ya san wannan lissafi. Motoci biyu na iya fitowa a shekara guda, ɗaya ta ƙare ƙuruciyarta tana jigila cikin rairayi tsakanin Agadas da Dirku, ɗaya kuwa kan kwalta take yawo tsakanin Maraɗi da Yamai. Mai hankali inji yake buɗewa, ba takarda yake dubawa ba. Ali ya yi karo uku da Jo Fireza, na ƙarshen a Manila a 1975, wanda ya kusa halaka su duka biyu, kuma a rabin rayuwarsa ta dambe na biyu dabararsa ita ce ya jingina da igiya ya bar abokin gaba ya gaji da dukansa. Dabarar ta ba shi nasara a Kinshasa, amma jiki ne ya biya. Homs kuwa da dogon hannun hagu yake tsare kansa daga nesa, shi ya sa ya tsufa da sauran ajiya.

Wani lokaci ma tsohon ne ke ƙara wa nasarar yaron daraja daga baya. A 1991 Holifil ya ci Joj Foman, mai shekara 42, da maki, aka yi ta dariya wai ya kasa kada mai tumbi. Ran 5 ga Nuwamba na 1994 wannan mai tumbin, yana da shekara 45, ya shimfiɗe Maikel Mura ɗan shekara 26 da hannun dama guda a turmi na goma, ya karɓi kambun duniya. Mura kuwa shi ne ya ƙwace kambun daga Holifil a farkon wannan shekara. Haka kuma a 2017, gaban mutum 90.000 a filin Wembili na Landan, Antoni Joshuwa, wanda asalin iyayensa daga Nijeriya ne, ya sha ƙasa a turmi na shida a hannun Biladimir Kilichko mai shekara 41, kafin ya farfaɗo ya ci a na goma sha ɗaya. Babu mai cewa tsoho ya buga, domin tsohon ya kusa raba shi da kambunsa.

Mu nan Nijar mun san irin wannan gardama a filin kokowa, duk ranar da sabon jini ya kada tsohon mai takobi. Amma akwai bambanci babba. Tun da aka soma gasar ƙasa a Tawa a 1975, tsohon sarki ba sunansa ke kai shi karon ƙarshe ba. Sai jiharsa ta sa shi cikin ƴan kokowarta, sai kuma ya tsallake karawar kwana da kwanaki ba a kada shi ba. Duk wanda ya gamu da shi a ƙarshen mako ya gamu da mutumin da ya riga ya nuna ƙarfinsa na bana. A damben Turawa na kuɗi kuwa, mai shirya wasa ne ke zaɓen wanda za a kara da shi, kuma tsohon suna ya fi sabon ƙarfi sayar da tikiti. Haka aka yi a 1951, da bashin haraji ya hana Jo Luwis hutawa har Roki Marsiyano ya fidda shi ta tsakanin igiyoyi a turmi na takwas, ko da yake shi Luwis, mai shekara 37, ya zo da nasara takwas a jere, don haka Marsiyano yana da abin nunawa. Inda abin ya kai maƙura shi ne Nuwamba na 2024 a jihar Teksas, da aka haɗa Taison mai shekara 58 da Jek Pol ɗan shekara 27, wanda a intanet ya yi suna. Aka rage kowane turmi zuwa minti biyu, aka ƙara wa safar hannu kauri, miliyoyin mutane suka kalla ta Netflix. Rabon Taison da damben gaske tun 2005. Pol ya ci da maki, ya samu kuɗi masu yawa, kuma a ma'aunin da muka ɗauko ba shi da ko tsaba guda ta yabo.

Shi kuwa Ali, daren Las Begas bai ishe shi ba. Ran 11 ga Disamba na 1981 ya sake fitowa, wannan karon a Nasau ta tsibiran Bahamas, inda ba a tsananta binciken lafiyarsa ba. Shirin wasan ya lalace har aka rasa ƙararrawar buga turmi, sai ta wuyan saniya aka samo. Tireba Babik, ɗan shekara 27, ya ci shi da maki a turmi goma. A 1984 likitoci suka tabbatar Ali yana da ciwon makyarkyata da ake kira Pakinson, ya rayu da shi har ya rasu ran 3 ga Yuni na 2016. Babik ya riƙe kambun duniya na wata takwas a 1986, kafin Taison ya karɓe shi a turmi na biyu.