Yadda Kwamfuta Ke Raba Gardama Tsakanin Manhajoji

Manomin Mahuta da ya yi niyyar haɗa masara da wake a gona ɗaya ya san akwai sharaɗi. Maganin ciyawa na atarazin ba ya cutar da masara, amma yana kashe wake. Ke nan dole ya zaɓa: ko ya sauya magani, ko ya bar waken, ko kuma ya raba gonar gida biyu. Irin wannan shawara ce kwamfuta ke yankewa a duk lokacin da malami ko ɗalibi ya umurce ta da saka sabuwar manhaja.

Manhaja ba ta tsayuwa ita kaɗai. Ana shirya ta ne a ƙunshi, kuma kowane ƙunshi yana ɗauke da bayanin abin da yake buƙata, da aikin da yake iya yi, da kuma wanda ba ya zama da shi inuwa ɗaya. Manhajar da ke karanta wannan bayani ita ake kira mai kula da ƙunshi. Misalinta shi ne APT na tsarin Debian, tsarin da Ian Murdock ya kafa a 1993. Fitowar Debian ta 2023 ta zo da ƙunshi fiye da 60,000.

Saɓani iri uku ne. Na farko, ƙunshi biyu su nemi aiki ɗaya, kamar Postfix da Exim masu aika wasiƙu. A Debian, idan ɗaya ya shigo, ɗayan zai fita. Na biyu, wata manhaja ta buƙaci tsohon samfurin wani ƙunshi, wata kuma ta buƙaci sabo. Na uku, ƙunshi biyu su so ajiye fayil a gurbi ɗaya. A nan akan dakatar da aikin, sai fa idan ɗaya ya bayyana cewa shi ne magajin ɗayan.

To, yaya ake warwarewa? Da fari, mai kula da ƙunshi yakan jera dukkan buƙatu, har da buƙatun masu buƙatu. Sa'an nan ya gwada zaɓi, galibi sabon samfuri. Idan ya ci karo da saɓani, sai ya koma baya ya gwada wani. Aikin ba ƙarami ba ne, domin ƙunshi 30 kacal, kowane a saka ko a bari, suna ba da hanyoyi fiye da biliyan ɗaya. Saboda haka tsarin openSUSE ya fara amfani da dabarar lissafin mantiƙi a 2008, wadda ke watsar da dubban hanyoyi marasa ɓullewa a lokaci guda. Wani tsarin kuma, Nix, ya bi shawarar raba gona: kowane samfuri da ɗakinsa.

Abin lura a nan shi ne, kwamfuta ba ta san abin da ya fi maka muhimmanci ba. Tana iya raba gardama ta hanyar cire manhajar da ɗalibai ke koyon aiki da ita. Don haka kafin ka amsa mata da "i", karanta jerin abubuwan da ta ce za ta cire. Idan ka ga jerin ya yi tsawo, dakata ka bincika. Rigakafi dai ya fi magani.